Yadda za ka riƙe dogara ga shirin Allah lokacin da tsoro ya shigo kuma mutane suka taso maka

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Maganar nan ta "Allah yana da shiri" duk mun saba jinta, a wa'azi, a gaisuwar rasuwa, a bakin gadon asibiti, kuma gaskiya ce ba ƙarya ba, amma abinda na lura shine ana faɗa wa mutum ita sai a barshi a nan, ba wanda zai zauna ya gaya mishi to yanzu da dare yayi kuma barci ya ƙi zuwa me zai yi da bakinsa da hannunsa. Saurayin da iyayensa suka juya mishi baya saboda ya bi Yesu, da matar da aka ɗauke mijinta a hanya tana zaune da waya a hannu tana jiran kira, da ma'aikacin da ake ƙulla wa sharri a ofis don ya ƙi sa hannu a takardar ƙarya, da ikilisiyar da take sujada matasa na tsaye a bakin ƙofa suna duba jakar kowa, duk sun san Allah yana da shiri. Abinda suke nema shine yadda zasu tsaya kafin shirin ya fito fili. Wannan nake so mu bi tare, kuma zan fi jingina da littafin Nehemiya domin mutumin ya sha tsoro ya sha adawa kuma bai ɓoye mana abinda yayi ba.

Faɗi tsoron da sunansa a gaban Allah

Da farko ka daina jin kunyar cewa kana tsoro. Akwai wata koyarwa da take yawo a tsakaninmu wai mai bangaskiya baya tsoro, ita ce take sa mutane suna murmushi ranar Lahadi suna kuka su kaɗai cikin dare. Nehemiya shi ke miƙa wa sarki Artashate na Farisa abin sha a fadar Shushan, wajen shekara 445 kafin haihuwar Almasihu, ya samu labari cewa garun Urushalima a rushe yake ƙofofinta kuma an ƙone, ya zauna yayi kuka yayi azumi, kuma daga watan Kisle da ya ji labarin zuwa watan Nisan da ya buɗe baki gaban sarki kusan wata huɗu ne yana ɗauke da abin a cikinsa. Ranar da sarki ya tambaye shi me ya sa fuskarsa take haka alhali ba ciwo yake ba, shi da kansa ya rubuta cewa ya ji tsoro ƙwarai (Nehemiya 2:2). Bulus ma ya gaya wa mutanen Koranti cewa da rauni da tsoro da rawar jiki ya zo musu (1 Korantiyawa 2:3). Dauda a Zabura 56:3 bai ce baya tsoro ba, cewa yayi ranar da yaji tsoro zai dogara ga Allah. Ubangijinmu kansa a Getsamani ya ce wa almajiransa ransa yana baƙin ciki har kamar ya mutu.

To yaya ake faɗin? Ka duba sarki Hezekiya a 2 Sarakuna 19:14. Sarkin Assuriya ya aiko mishi da wasiƙar barazana, ya karanta, ya hau zuwa Haikali ya shimfiɗa wasiƙar a gaban Ubangiji. Kai ma kayi haka da hannunka. Idan saƙo ne aka turo maka a waya, ka buɗe saƙon ka ajiye wayar a kan tabarma ko gado ka durƙusa ka karanta wa Allah shi kalma bayan kalma. Idan takardar kora ce ko sammaci ko sakamakon asibiti, ka shimfiɗa ta. Idan ba takarda, ka samu biro ka rubuta abinda kake tsoro dalla dalla, kar ka rubuta "Ubangiji ka san damuwata" kawai, ka rubuta ina tsoron a kore ni daga aiki kafin in biya kuɗin makarantar yara, ina tsoron baba ya tsine min, ina tsoron hanyar da zan bi ranar kasuwa. Idan ka rubuta zaka ga wasu daga ciki suna da abinda zaka iya yi a kansu yau, wasu kuma babu komai a hannunka sai barin su wurin Allah, kuma raba waɗannan biyun kaɗai yana rage wa zuciya nauyi sosai.

Ka lura da inda addu'arka take farawa

A Ayyukan Manzanni sura 4 an kama Bitrus da Yahaya, majalisa ta ja musu kunne kar su ƙara magana da sunan Yesu, aka sake su suka koma wurin 'yan'uwa suka faɗi duk abinda aka ce musu. Ka karanta addu'ar da suka yi daga aya 24. Sun fara da kiran Allah mai mulki wanda ya yi sama da ƙasa da teku, suka kawo Zabura 2, suka ambaci Hirudus da Bilatus da sunansu suka ce duk taron da suka yi wa Yesu abinda hannun Allah ya riga ya ƙaddara ne suka aikata, sai can a aya 29 suka zo kan barazanar, kuma abinda suka roƙa shine Ubangiji ya dubi barazanar ya ba bayinsa ƙarfin hali su ci gaba da faɗin maganarsa. Mu kuwa yawanci da sunan maƙiyi muke buɗe addu'a da shi muke rufewa, mu tashi zuciya tafi zafi fiye da yadda muka durƙusa. Ka gwada juya tsarin, minti biyar na farko kar ka ambaci matsalar ko kaɗan, ka faɗi wanene Allah da abinda ya taɓa yi maka, sannan ka kawo ƙarar.

Addu'a da tsaro tare suke tafiya

Nan ne mutane suka fi rikicewa don haka zan ɗan daɗe. Wasu suna ganin idan ka dogara ga shirin Allah to kulle ƙofa ma rashin bangaskiya ne, wasu kuma sun koma ga dabararsu gaba ɗaya addu'a ta zama ta cika al'ada. Da Sanballat da Tobiya, masu adawa da aikin sake gina garun Urushalima, da mutanensu suka haɗa baki zasu kawo hari, Nehemiya 4:9 ta ce sun yi addu'a ga Allahnsu suka kuma sa masu tsaro dare da rana. A aya ɗaya abin yake, ba a raba ba. Tun kafin nan ma, a gaban sarki, yayi addu'ar cikin zuciya ta ɗan lokaci kaɗan sannan ya buɗe baki ya roƙi takardun wucewa zuwa ga gwamnoni da takarda zuwa ga mai kula da dajin sarki don a bashi katako, kaga mutumin ya riga yayi lissafinsa cikin watannin nan da yake azumi. Da ya isa Urushalima bai kira taro ba, ya kwana uku sannan ya fita da dare da mutane kaɗan ya zagaya ya ga ɓarnar da idonsa kafin ya gaya wa kowa abinda ke ransa.

Wanda yafi burge ni shine labarin Bulus a Ayyukan Manzanni 23. Da dare Ubangiji ya tsaya kusa da shi ya ce yayi ƙarfin hali, kamar yadda yayi shaida a Urushalima haka zai yi a Roma. Alkawari ne daga bakin Ubangiji kai tsaye. Da gari ya waye mutane fiye da 40 suka yi rantsuwa ba zasu ci ba ba zasu sha ba sai sun kashe shi. Ɗan 'yar'uwar Bulus ya ji labarin ya shiga bariki ya gaya mishi. Bulus bai ce wa yaron je ka gida Allah ya riga yayi min alkawari ba, ya kira wani hafsa ya ce ka kai saurayin nan wurin shugaban sojoji yana da magana. A daren aka fitar da shi zuwa Kaisariya da sojoji 200 da mahayan dawakai 70 da masu mashi 200. Alkawarin Allah ya bi ta kunnen wani saurayi da ba a ma faɗi sunansa ba da kuma sojojin Roma waɗanda ba masu bi bane.

Don haka ka kai ƙara inda ya kamata, ka ajiye kwafin takardunka a wani wuri dabam, idan ana maka sharri a wurin aiki ka riƙa rubuta rana da abinda ya faru kuma ka nemi shawarar lauya ko dattijon da ya san doka, kar kayi tafiyar dare a hanyar da kowa ya san halinta, ka bar wa iyalinka lambar wanda zasu kira, ikilisiya ta san ƙofar da yara zasu fita idan wani abu ya taso. Kuma idan ya kama a bar gari a bari. Yesu da bakinsa ya ce idan sun tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wani (Matiyu 10:23), Yusufu ya ɗauki Maryamu da jariri cikin dare zuwa Masar, Bulus kuwa a kwando aka zura shi ta garun Dimashƙu. Amma fa kar wanda ya tafi ya raina wanda ya zauna, kar wanda ya zauna ya kira wanda ya tafi matsoraci. Ezra ya ji kunyar roƙon sarki sojojin rakiya saboda ya riga ya ce hannun Allah yana tare da su (Ezra 8:22), Nehemiya kuma ya tafi da rakiyar sojojin sarki, kuma Littafi bai tsine wa ko ɗaya a cikinsu ba.

Abu ɗaya dole in faɗa da babbar murya, musamman ga matasanmu. Tsaro dabam, ramuwa dabam. Mutanen Nehemiya sun tsare aikinsu da iyalansu, basu bi kowa gidansa sun ƙone ba. Romawa 12:19 ta ce kada mu ɗau fansa da kanmu, Yesu kuma ya ce wa Bitrus ya mai da takobinsa kube. Duk wanda ya tare hanya ya taɓa bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba don kawai sunansa ko shigarsa, wannan ya riga ya fita daga dogara ga Allah, yana cewa ne Allah baya iya shari'a sai shi ya taimaka mishi.

Tace abinda kake bari ya shiga kunnenka

Nehemiya sura 6 kamar don zamanin waya aka rubuta ta. Da maƙiya suka ga ba'a bata yi aiki ba, (Tobiya ne ya ce ko yanyawa ta hau garun zai rushe) barazanar yaƙi ma bata yi ba, sai suka canja salo suka aiko cewa ya zo su gana a filin Ono. Sau huɗu suna aikowa, sau huɗu yana basu amsa ɗaya, cewa yana babban aiki ba zai iya saukowa ba. Na biyar sai Sanballat ya aiko da buɗaɗɗiyar wasiƙa, wato wadda duk wanda ta bi ta hannunsa zai karanta, wai ana ta faɗa a cikin al'ummai kuma abokinsa Geshem ma ya tabbatar cewa Nehemiya yana shirin tawaye yana so ya zama sarki. "Ana ta faɗa", "wane ma ya ce", ai mun san wannan harshen. Amsar Nehemiya gajeriya ce, ya ce babu abu irin wannan, kai ka ƙaga shi a zuciyarka, sai ya juya ga Allah ya ce yanzu ka ƙarfafa hannuwana. Shikenan ya koma bakin aiki.

Ga yadda zaka yi amfani da wannan. Ba kowane zagi a Facebook ne zaka amsa ba, ba kowace muhawarar addini da aka ja ka ciki a shago ko a mota ce zaka shiga ba, wasu gayyatar Ono ce, ana so ne kawai ka sauko ka faɗi kalma ɗaya cikin fushi a kama ka da ita. Idan ƙarya aka yi maka wadda zata iya cutar da kai, ka musanta sau ɗaya a fili a gaban waɗanda ya dace su ji, da kalmomi kaɗan, ka bar ta. Saƙon murya da ake turowa a guruf na WhatsApp cikin dare wai ga su nan zuwa an gan su a mota kaza, kafin ka tura wa wani ka tambayi kanka wa ya faɗa, yaushe, a wane gari, ka kira mutum ɗaya da yake wurin da gaske. Sau da yawa hoton na wata ƙasa ne ko na shekarun baya. Idan gaskiya ne ka sanar da waɗanda zasu iya yin wani abu, idan baka tabbatar ba ka riƙe shi. Kuma don Allah hotunan gawarwaki ka daina kallonsu kafin ka kwanta, ka daina tura su, babu abinda suke ƙara maka na shiri sai dai su cinye ƙarfin da zaka tashi da shi gobe.

Sai kuma wanda yafi haɗari, wato Shemaiya. Wannan a cikin gida yake, da sunan annabci ya zo, ya ce wa Nehemiya zo mu shiga Haikali mu kulle ƙofa domin da dare zasu zo su kashe ka. Nehemiya ya gane ba Allah ne ya aiko shi ba, Tobiya da Sanballat ne suka biya shi don ya tsorata yayi zunubi su samu abin ɓata mishi suna. Yau ma akwai masu "na ga wahayi a kanka", su gaya maka mutuwa na binka ko kishiyar mamarka ce ta ɗaure ka, sannan maganin shine ka kawo kuɗi ko ka sayi wani mai ko ka yanke zumunci da danginka. Ma'aunin mai sauƙi ne, duk annabcin da ya bar ka da firgici kuma yake tura ka ga abinda maganar Allah ta hana, ba daga Ubangiji yake ba, ko da wanda ya faɗa yana da babban suna. Ka kai maganar wurin fastonka da dattawan ikilisiyarka waɗanda suka san ka kafin ka ɗaga ƙafa.

Ka riƙa karanta labaran har ƙarshensu, kana lissafa shekarun

Mu kan karanta labarin Yusufu cikin minti ashirin sai mu manta tsawon lokacin da ya ɗauka. Yana da shekara 17 lokacin da labarin ya fara 'yan'uwansa suka sayar da shi azurfa 20, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna. A tsakani akwai gidan Fotifar, da ƙazafin matarsa, da kurkuku, da mai shayarwar sarki da ya manta da shi shekara 2 cur. Bayan nan ma sai da shekara 7 na ƙoshi suka wuce da 2 na yunwa kafin ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa, kaga sama da shekara 20 kenan. Maganar da muke so ta Farawa 50:20, cewa sun nufe shi da mugunta amma Allah ya nufe ta da alheri don a ceci mutane da yawa, daga ƙarshe ya faɗe ta ba daga cikin rijiya ba. Kuma ka lura bai ce abinda suka yi ba komai bane, ya kira shi mugunta. Dogara ga shirin Allah bata hana ka kiran zalunci da sunansa.

Haka kisan Istifanas, aka tsananta wa ikilisiyar Urushalima masu bi suka watse, wanda ya gudu da 'ya'yansa a daren nan ba zai ce maka ga shirin Allah yana gani ba, amma waɗanda suka watsen ne suka kai bishara Samariya har Antakiya, inda aka fara kiran almajirai Kirista, daga nan kuma aka aiki Bulus da Barnaba. Ko a ƙasarmu, a 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar shigowa ciki da bishara, cikin 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham ya koma gida da ciwo ba tare da ko mutum ɗaya ya karɓi bishara ba. Sai a 1902 aka samu kafa tasha a Patigi, kuma daga wannan aikin ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Gowans da Kent basu ga ko ɗaya daga ciki ba.

Abinda zaka yi da wannan shine ka samu ɗan littafi ka rubuta naka tarihin, abubuwan da a da ka ɗauka sun gama da kai amma ga ka nan, da na iyayenka da na ikilisiyarku, ka tambayi tsofaffi su baka labarin abinda suka wuce ta ciki. Ranar da tsoro ya taso ka buɗe ka karanta da ƙarfi. Amma ina roƙonka, wannan maganin na shan kanka ne, kar ka ɗauke shi ka kai gidan makoki ranar farko kana ce wa gwauruwa ai Allah yana da shiri. Ka zauna da ita, ka kawo abinci, kayi kuka da masu kuka kamar yadda Romawa 12:15 ta ce. Lokacin magana zai zo.

Ka shirya zuciyarka don "ko da bai cece mu ba"

Ba zan yi maka alkawarin da Littafi bai yi ba. A Ayyukan Manzanni 12 Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, a sura ɗayan nan mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku, dukkansu manzanni ne kuma ba a gaya mana dalilin bambancin ba. Ibraniyawa 11 ta lissafa waɗanda ta bangaskiya suka rufe bakin zakoki, ta kuma lissafa waɗanda aka jejjefe da duwatsu aka kashe da takobi, duk ta ce an yaba musu saboda bangaskiyarsu. Shadrak da Meshak da Abednego suka ce wa Nebukadnezzar Allahnmu yana da iko ya cece mu, amma ko da bai cece mu ba, ba zamu yi wa gunkinka sujada ba (Daniyel 3:17-18). A watan Janairun 2020 da 'yan Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi na ikilisiyar EYN, shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) na Michika a jihar Adamawa, a bidiyon da suka fitar yayi magana cikin natsuwa yana nuna cewa bai karaya ba domin komai a hannun Allah yake, ko ya sake ganin iyalinsa ko bai sake ba. Bai dawo ba, sun kashe shi a watan. Duk lokacin da na tuna shi nakan ji nauyi a ƙirjina, kuma ba zan ce na gane dalili ba.

Shi ya sa idan ka karanta Romawa 8:28 kar ka tsaya nan, ka wuce aya 29 inda aka faɗi alherin da ake nufi, wato a mai da mu kamannin Ɗansa, ka wuce har 35 zuwa 39 inda Bulus ya ambaci tsanani da yunwa da takobi a fili ya ce ba ɗayansu da zai raba mu da ƙaunar Allah cikin Almasihu Yesu. Wannan shawara ta "ko da" a lokacin kwanciyar hankali ake yanke ta, a durƙushe, kamar yadda Yesu ya roƙi a ɗauke mishi ƙoƙon wahala sannan ya ce ba nufina ba sai naka. Ka roƙi ceto da dukan zuciyarka, kar ka ji kunyar roƙo, sannan ka miƙa.

Kar ka zauna kai kaɗai, kuma kar ka ajiye aikin gabanka

Tsoro yafi cin mutum idan ya kaɗaita. Iliya bayan abinda ya faru a Dutsen Karmel saƙo ɗaya daga sarauniya Yezebel ya sa shi gudu, ya bar baransa ya shiga jeji shi kaɗai ya roƙi mutuwa, kuma abu na farko da Allah yayi mishi ba wa'azi bane, barci ne da gurasa da ruwa har sau biyu, daga baya ya gaya mishi akwai mutum 7,000 da basu durƙusa wa Ba'al ba (1 Sarakuna 19). Ka ci abinci ɗan'uwa, kayi barci. Idan makonni suna wucewa baka iya barci, gabanka na faɗuwa da ƙaramin ƙara, ko tunanin hallaka kanka yana zuwa maka, ka gaya wa fasto ka kuma je asibiti ka ga likita, babu saɓani tsakanin wannan da addu'a.

Nehemiya ya ajiye mai busa ƙaho kusa da shi domin mutane a warwatse suke a kan garu, ya ce duk inda kuka ji ƙaho ku taru wurin. Ka samu mutum biyu ko uku da zaka iya kira ƙarfe biyun dare, ku sa rana ɗaya a mako kuna addu'a tare ko ta waya ce, zumuntar mata da ta matasa su san waye a cikinsu aka kora daga gida, waye bai da abinci. Kuma a duba cikin gida, domin a sura 5 ana tsaka da barazanar waje sai ga kuka ya tashi cewa manya suna ba talakawa bashi da ruwa suna karɓe gonakinsu har 'ya'yansu suna shiga bauta, Nehemiya bai ce a bari sai an gama da maƙiya ba, ya tara su ya sa suka mayar. Ikilisiyar da take cin amanar marayunta ba zata iya tsayawa da ƙarfi gaban na waje ba. Sannan kar tsoro ya sa ka ɗauki duk wanda ba addininku ɗaya ba a matsayin Sanballat. Sarkin da ya ba Nehemiya katako ba Bayahude bane, kuma a watan Yunin 2018 a yankin Barikin Ladi na jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ne ya ɓoye ɗaruruwan mutane da suka gudo, mafi yawansu Kirista, a masallacinsa da gidansa ya ƙi miƙa su. Ka riƙe gaisuwa da maƙwabcinka, ka je sunansa ka je ta'aziyyarsa.

Ginin garun ya ƙare cikin kwana 52, kuma idan ka karanta sura 3 zaka ga yadda aka yi, firistoci da maƙeran zinariya da masu haɗa turare da 'yan kasuwa, har wani Shallum da 'ya'yansa mata, da yawansu kowa ya gyara sashen da yake daura da gidansa. Gobe da safe ka tashi ka buɗe shagonka, ka je gonarka idan hanya ta yi kyau ku tafi cikin ayari, ka shirya darasin Sande Sukul ɗinka, ki kai yara makaranta. Don karatu kuma ga yadda nake ba mutane shawara, mako na farko Nehemiya 1 zuwa 6 sura ɗaya kowace safiya, da dare kafin kwanciya Zabura 3 ko 4 ko 27 ko 46 ko 56 da murya yadda yaran gida zasu ji, mako na biyu Farawa 37 da 39 zuwa 45, na uku Ayyukan Manzanni 4 da 12 da 23 da 27 sai ka haɗa da 1 Bitrus gaba ɗayanta domin ga masu shan tsanani aka rubuta ta. Wanda bai iya karatu ba a samu yaro ya karanta mishi, ko a sa mishi Littafi Mai Tsarki na Hausa na saurare a waya.